Babi na Huɗu: Zubaida

Litinin, 6 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Maigidana Dakta ya koma Kano jiya. Hutun da jami'arsu ta ba shi ya ƙare, kuma dama zaman bai karɓe shi ba, ya fi kwana goma yana kewaya falon nan kamar mai neman makulli. Na raka shi tashar jirgin ƙasa ta KL Sentral, na dawo unguwarmu Cheras na wanke kofunan 'yan ta'aziyya. Biyu ba nawa ba ne, ban san masu su ba.

Yau na fara buɗe kwamfuta, da cajar Felicia maƙwabciyata. Farfesa mai duba aikina ta turo gaisuwa mai kyau, a ƙarshe ta ce kada in damu da babi na huɗu. Na san ta, nufinta in fara damuwa da shi. Shekara uku ke nan ina rubutun digirin nan a kan waƙafin da mata suka yi a daular Abbasiyawa. Babi na huɗu na Zubaida ne, matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta sa aka haƙa rijiyoyi da tafkuna a hanyar alhazai daga Kufa har Makka.

Bari in rubuta sau ɗaya don kada in sake. Ranar Asabar 21 ga Oktoba da la'asar, ana ruwa, yarana biyu suna dawowa daga makaranta a Bukit Jalil, mota ta ƙwace ta daki shingen titi. Hisham ke tuƙi, ɗan yayata Hureira da na goya tun yana wata bakwai da ta rasu. Ya fito da karaya a hannu. Ɗan'uwansa, wanda na haifa, bai fito ba. A nan aka binne shi. Hisham yana gidan waƙafi yana jiran shari'a, beli ya gagara don babu ɗan ƙasa da zai tsaya masa.

Sunan ba zan rubuta ba. Ɗan fari ne, a gidanmu kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jan shi da hira, ba ta nuna shi a gaban mutane. Haka Inna ta yi wa Hureira, haka na taso na gani. Na yi boko har na zo ƙasar mutane, amma wannan kunyar ban bar ta a filin jirgi ba. Shekara goma sha tara, ɗan'uwan Hisham nake ce masa.

Talata, 7 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na je wajen lauyar Hisham a Brickfields. Ofishinta yana saman wani gidan abinci, takardunta duk ƙamshin miyar kori suke. Ba'indiya ce, ba ta da kwana-kwana. Ta ce za a koma kotu ranar 4 ga Disamba. In uwar mamaci ta rubuta takarda da hannunta cewa ta yafe, kuma tana roƙon sassauci, za ta haɗa da nata bayanin ta kai wa masu gabatar da ƙara, wataƙila su rage tuhumar. In babu takardar, yaron zai iya shafe shekaru a ciki, karatunsa ya tafi. Tana son ta a hannunta kafin wata ya ƙare.

Na ce zan yi tunani. Ta jawo wata takarda daga cikin fayil, ta dube ta, ta dube ni, ta ce wannan jerin kiran da suka shiga wayarsa ne a ranar, ko ina son gani. Na ce a'a. Ta mayar, ta sa aka kawo mini shayi.

Laraba, 8 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ruwa tun ƙarfe uku. Na rufe labule.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Shafi biyu yau. Ashe aiki ya fi mutane sauƙin zama.

Sunanta na yanka Amatul Azizi. Kakanta Halifa Mansur ne, in ji masu tarihi, yake yi mata rawa tana jaririya yana ce mata Zubaida, wato 'yar curin man shanu, saboda ƙibarta da haskenta. Sunan wasan ya cinye na yanka. Mace ta shayar da alhazan duniya shekaru ɗaruruwa, amma har gobe da sunan man shanu ake kiranta. Na rubuta wannan a babin da Turanci mai natsuwa, ban sa dariyar ba.

Jikar halifa, matar halifa, uwar halifa. An ce a gidanta akwai kuyangi ɗari mahaddata, mai wucewa yakan ji karatunsu kamar kukan zuma. Da ta je hajji ta ga yadda ƙishirwa ke kashe mutane, ta kira magina ta ce a janyo ruwa ta cikin duwatsu zuwa Makka. Suka ce abin da wuya. Ta ce ba ta tambaye su wuya ba. Nan ne nake son ta. Ni ma da haka nake, in na ce a yi abu to a yi shi yanzu. Yaran har suna kwaikwayona a bayan ido, na sha jin su.

Asabar, 11 ga Nuwamba, bayan magariba

Matan ƙungiyarmu sun zo, Hajiya Daso a gaba da kular dambu. Sun yi addu'a, sun ci dambun da suka kawo, sannan aka shiga abin da ya kawo su.

Hajiya Daso ta ce, “Wallahi Barira kin ba mu misali. Ko hawaye ba mu gani ba. Wannan shi ne tawakkali.”

Fiddausi ta ce, “Ni abin da ke ci mini rai, an ce fa Hisham waya yake yi. A highway, cikin wannan ruwan. Wai wata yarinya ce 'yar Indonesia a department ɗinsu.”

Hajiya Daso ta ce, “Yaran yanzu ke nan. Ki riƙe ɗan wani kamar naki, ga sakayyar.”

Na tashi na ce bari in ɗora ruwan shayi. Butar a cike take da ruwan zafi. Na zubar na sake ɗora wani, na tsaya a kansa har ya tafasa.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Dakta ya kira bayan ya dawo daga masallacin asuba, can gari bai gama wayewa ba. Na gaya masa zancen takardar. Ya ce hannuna ne, ba zai riƙe shi ba, amma shi kada a ƙara kira masa sunan yaron nan a waya. Shi ma labarin 'yar Indonesia ya kai masa, har Kano.

Yanzu gidan sunaye biyu ke nan ba a faɗa.

Talata, 14 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na je makaranta. Farfesa ta rungume ni, ta ba ni kek ɗin ayaba, sannan ta ɗauko jan biro. Ta ce jimlolina sun cika waƙafi, ina ta ɗora magana a kan magana ba na son sa aya. Ta kuma ce babin ya tsaya cak a shekarar da Haruna ya rasu, alhali matar ta rayu shekara ashirin da wani abu bayansa. Ina sauran? Na ce yana zuwa.

Sauran shi ne wannan. Zubaida ta haifi Aminu. Haruna yana da wani ɗan, Ma'amun, wanda uwarsa ta rasu yana jariri, kuma wasu masu tarihi sun ce a hannun Zubaida ya tashi. Bayan uban ya rasu 'yan'uwan suka kaure da yaƙi a kan mulki. Da rundunar ɗanta za ta fita, an ce ta kira kwamandan ta ba shi sarƙar azurfa, ta ce in har ya kama Ma'amun kada ya ɗaure shi da baƙin ƙarfe, kada ya wulaƙanta shi, ɗanta ne. Rundunar ba ta kama kowa ba. Sojojin Ma'amun ne suka shigo Bagadaza suka kashe Aminu.

Ranar da aka fara kai Hisham kotu na gan shi daga nesa, ankwa a hannun da bai karye ba. Ya ɗago yana nemana. Na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

A hanyar tashar jirgin ƙasa akwai wata 'yar rumfar katako da benci, irin wadda Malayawa ke ginawa don matafiya su huta. Su ma wakaf suke ce mata. Na zauna a ciki ina lissafa kalmar nan. Rijiyar Zubaida waƙafi, rumfar nan waƙafi, abin da Farfesa ta kewaye da jan biro waƙafi, inda Hisham yake ma waƙafi. Duk abu ne da aka tsayar ba a ƙarasa ba.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, da hantsi

Ban rubuta komai ba. Na goge firij.

Juma'a, 17 ga Nuwamba, bayan la'asar

Felicia ta shigo ba sallama kamar kullum, da leda biyu ta gurasar roti daga mamak, gidan abincin da ke ƙasan benenmu. 'Yar Kafanchan ce, tana digirinta a fannin jinya, shekara huɗu muna ƙofa da ƙofa. Ita ta tsaya a kaina a asibiti. Ta zauna ta ce jiya ta je ta ga Hisham.

“Hajiya, ban tambaye ki permission ba, don na san abin da za ki ce. Yaron ya rame. Hannun yana warkewa.”

Na ce to.

“Ya ba ni saƙo. Ya ce maganin hawan jininki zai ƙare ranar ashirin, kuma ba a kedai ɗin ƙasa ake saya ba, kantin kusa da tashar jirgin MRT ne ke da irin naki. Ya ce ke ba ki sani ba, shi ke sayowa.”

Na ce sai me kuma.

“Shi ke nan. Na tambaye shi zancen yarinyar da ake ta yaɗawa, ya ce a bar shi a haka.” Ta dube ni irin kallon da suke yi wa majinyacin da ya ce ya sha magani alhali bai sha ba. “Ni dai na san Hisham ba shi da wata yarinya. Makan, ci mana Hajiya, roti ɗin zai huce.”

Da ta fita na ƙirga ƙwayoyin. Ranar ashirin za su ƙare.

Litinin, 20 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Na sayo maganin. Mai kantin ta tambaye ni ina ɗana mai ladabin nan. Ban san wanne take nufi ba, ban kuma tambaya ba.

Laraba, 22 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Na kai wurin da nake gudu. Bayan an kashe Aminu, da Ma'amun ya shigo Bagadaza, ya nemi ya wanke kansa a wajenta. Abin da aka ruwaito ta ce masa shi ne, in ta rasa ɗa halifa to an musanya mata da wani ɗan halifa, wanda ya samu irinsa bai yi asara ba. Ya girmama ta har ta rasu, ta ci gaba da hidimar hanyar alhazai.

Shekara biyu da suka wuce na gabatar da takarda a wani taro na ce wannan magana siyasa ce. Mace ce mai wayo, tana da gidaje da rijiyoyin da take son karewa, sai ta faɗa wa mai mulki abin da yake son ji. An tafa mini. Wani dattijo daga Sudan ya ɗaga hannu ya ce, 'yata, kina da 'ya'ya? Na ce biyu. Ya ce to, ya zauna. Na ji haushinsa har na kwana biyu ina ba yaran labari.

Yau na karanta maganar sau goma. Har yanzu ban san ko da gaske take ba. Abin da na lura da shi, wanda ban taɓa lura ba, shi ne masu tarihi da yawa sun ce ita ce ta matsa a naɗa ɗanta magaji a gaban yayansa. Wato wutar da ta cinye shi, da hannunta a cikin kunna ta. Duk littattafan suna yabon yadda ta yafe wa Ma'amun. Babu wanda ya rubuta ko ita ta nemi ya yafe mata.

Na rufe kwamfutar. Cajar Felicia tana zafi, ba ta dace da ita sosai ba.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, bayan azahar

Lauya ta turo saƙo: saura mako guda.

Asabar, 25 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na buɗe ledar kayan ɗan'uwan Hisham da asibiti suka ba ni. Mako biyar tana bayan ƙofar ɗakinsu. Agogo, katin jirgin ƙasa, wayarsa da fasasshen gilashi, jakar bayansa. A cikin jakar akwai littafi biyu, rabin biskit, da cajata.

Ranar haɗarin ina tsakiyar shafin rijiyoyi kwamfuta ta nuna saura kaɗan ta mutu. Na duba ko'ina babu caja, na san shi ya ɗauka, tasa ta lalace. Raina ya ɓaci. Na san suna hanya, na san wa ke tuƙi, ina ganin ruwan ta taga. Wanda ya ɗauki cajar yana zaune a gefe, hannunsa biyu ba abin da suke yi, wayarsa a cinyarsa. Lambarsa tana wayata. Ban taɓa kiranta ba, ko sau ɗaya. Kullum Hisham nake kira in ce ka gaya wa ɗan'uwanka kaza. Sai na kira Hisham.

Bai ɗauka ba. Na sake kira, bai ɗauka ba. Na kira na uku, don ni ba a ƙin ɗaukar wayata. Ya ce, “Na'am, Umma.” Na ce, “Tambayi ɗan'uwanka ina ya kai mini caja.” Abin da na ji bayan nan ba zan rubuta shi ba.

Babu wata 'yar Indonesia. Ni ce.

Na yi kuka yau, irin wanda Hajiya Daso ba ta gani ba. Ina son yaron nan. Ina son sa tun ranar da aka miƙo mini shi na kau da kai saboda surukata tana ɗakin.

Lahadi, 26 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Na gaya wa Dakta. Na faɗa a jere ban tsaya ba, kamar mai karanta sanarwa. Da na gama na duba ko layin ya katse. Can ya ce, “Mako biyar yaron yana ɗauke da wannan shi kaɗai?” Na ce e. Ya ce innalillahi. Da zai ajiye ya ce in na je in ce wa Hisham Abbansa yana gaishe shi. Ni bai ce mini komai ba tukuna, kuma ban ga laifinsa ba.

Na tura saƙo a zauren ƙungiyar mata, layi uku, cewa ni ce na kira shi. Har yanzu babu wadda ta amsa sai Fiddausi, ta turo hoton hannu biyu na addu'a.

Talata, 28 ga Nuwamba, ƙarfe sha biyu na rana

Na kai takardar Brickfields. Lauya ta karanta ta ce ba ta taɓa ganin takardar yafiya da mai yafewar ke ba da haƙuri a ciki ba, amma za ta yi. Ta ce ba ta yi mini alkawarin komai ba, kotu kotu ce. Sannan ta nuna mini layin farko da bakin biro. Na rubuta “Ni Barira Aliyu, mahaifiyar mamacin”. Ta ce doka tana son sunansa cikakke. Na ce ta cike da kanta. Ta ce hannuna ake so, in tafi da ita in dawo da ita ranar Alhamis, ba ta wuce Alhamis.

Alhamis, 30 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yau kwana arba'in. Da safe Felicia ta kai ni wajen Hisham a motarta, ta jira a waje.

Gilashi ne a tsakani, da kan waya a kowane gefe. Kafin in gama zama har ya ɗauki nasa ya kara a kunne. Na ɗauki nawa.

“Na'am, Umma.”

Ya rame, an aske masa kai. Na ce Abbansa yana gaishe shi. Na ce na gaya wa kowa wanda ya kira. Ya ce, “Umma, da kin bar shi. Ni na ɗauka, ba wanda ya tilasta ni.” Na ce ya yafe mini. Ya girgiza kai yana share ido da kafaɗa, ya ce shi ne zai ce haka, muka yi ta ja kamar masu rigimar wa zai biya kuɗin mota.

Sai na tambaye shi abin da ya kawo ni. Na ce a motar, da wayar take ta ƙara, me ɗan'uwansa ya ce. Ya ji haushi?

Hisham ya yi ɗan murmushi. “Dariya yake yi. Ya san cajar ce. Ya miƙo hannu zai karɓi wayar, sai ya fasa, ya ce, ‘Pick lah, kada ka ba ta kunya. Ni take nema. Duk kiran da Umma ta taɓa yi maka ai nawa ne, kai receptionist ne kawai.’”

Mai gadi ya ce lokaci ya yi. Hisham ya ce in riƙa shan maganin bayan abinci, ba kafin ba.

A mota na ce wa Felicia ta ba ni biro. Na ɗora takardar a cinyata, motar tana girgiza, rubutun ya karkace, amma ana karantawa. Lauya ta karɓa ƙarfe biyu saura. Litinin za mu ji abin da kotu za ta ce, kuma zan zauna a layin gaba inda zai gan ni.

Babin Zubaida yana nan inda na bar shi, na gaya wa Farfesa sai mako mai zuwa. Ruwa ya fara sauka, ban rufe labulen ba. Na ɗauko wayata na nemo lambar da ban taɓa kira ba, na goge “Ɗan'uwan Hisham”.

Fatihu. Sunansa Fatihu.